Abin da ke faruwa a cikin haƙori kafin ranar da zai fashe

Da an idar da sallar Azahar, rumfunan abinci da ke kewaye da Sakatariyar Tarayya a Abuja sukan cika maƙil. Kowa na sauri, domin akwai fayil da ke jira a kan tebur, ko maigida da ke gab da fitowa daga taro. A cikin irin wannan gaggawa ce ma'aikaci zai kai lomar shinkafa baki, ya tauna, sai ya ji ƙas! Ya dafe kunci, ya lalubo 'yar tsakuwa da harshe, wani lokaci tare da wani farin guntu wanda ba tsakuwa ba ne, ɓangaren turminsa ne. Nan take laifi ya hau kan mai abinci da shinkafar gida.

Tsakuwar tana da nata laifin. Sai dai sau da yawa takan zo ne ta tarar an kusa gama aikin. Lafiyayyen haƙori yakan ci karo da tsakuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya wuce lafiya. Wanda ya fashe kuwa, galibi ya daɗe yana ɗauke da wata siririyar tsaga da ido ba ya gani, wadda ke ƙara tsawo kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka ciji wani abu. Tsakanin ranar da tsagar ta soma da ranar da haƙori ya rabe, akwai lokacin da za a iya ceto shi. Mafi yawan mutane sukan bar wannan lokaci ya wuce, don ba su san alamarsa ba.

Nauyin da muƙamuƙi ke saukewa

Tun a ƙarni na 17 masana suka so sanin iyakar ƙarfin cizon ɗan Adam. Giovanni Borelli, malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya, wanda aka buga littafinsa a kan motsin dabbobi a 1680 da 1681 bayan mutuwarsa, ya gwada ta hanya mai sauƙi: ya ratsa igiya a kan turamen ƙasa, ya rataya mata ƙarafa masu nauyi, ya duba nawa mutum zai iya ɗagawa idan ya rufe baki. Yau ana amfani da na'urori masu auna ƙarfi da ma'aunin niyuton, kuma abin da suke nunawa shi ne baligi mai lafiya, idan ya cije iya ƙarfinsa a kan turame, yakan sauke niyuton 500 zuwa 700. Wannan daidai yake da nauyin kilo 50 zuwa 70, wato buhun siminti guda har da ƙari, a kan wurin da bai fi faɗin farce ba. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta cewa a watan Agustan 1986, a Jami'ar Fulorida da ke Amurka, wani mutum mai suna Richard Hofmann ya yi cizon da ya kai kilo 442 na kimanin daƙiƙa biyu.

Tauna ta yau da kullum ba ta kai ko kusa da haka. Tuwo da shinkafa da burodi ba sa buƙatar fiye da kilo 7 zuwa 15. Ƙarfin kuma ba ɗaya ba ne a faɗin baki. Muƙamuƙi yana aiki ne kamar filaya: abin da aka sa kusa da mahaɗarta ya fi shan matsa. Turamen ciki su ne kusa da mahaɗar muƙamuƙi da manyan tsokokin kunci, saboda haka nauyin da ke sauka a kansu ya ninka wanda ke sauka a haƙoran gaba sau biyu zuwa uku. Shi ya sa wanda zai fasa ƙashi ko ƙwallon goruba yakan tura shi can ciki ba tare da kowa ya koya masa ba. Shi ya sa kuma turamen ƙasa na can ciki su ne suka fi kowane haƙori yawan tsagewa.

Amma girman nauyi ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Abin da injiniyoyi ke kira matsi shi ne nauyi idan aka raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Loma mai laushi takan baje a kan haƙora uku ko huɗu, kowanne ya ɗauki nasa kaso. Tsakuwa ba ta bajewa. Duk nauyin yakan taru a kan tsininta. Idan nauyin kilo 20 kacal ya sauka a kan ɗigon da faɗinsa milimita ɗaya ne a kowane gefe, matsin da ke wurin ya ninka na iskar tayar ƙaramar mota kusan sau 900. Mutum bai yi wani cizo na a zo a gani ba, amma ɗigon da abin ya shafa ya ɗauki abin da ya kusa fin ƙarfinsa.

Gini mai hawa uku

Abin mamaki shi ne yadda haƙori ke jure wannan shekara da shekaru. Sirrin yana cikin yadda aka jera kayan gininsa.

Ɓawon waje, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum. Kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne. Kaurinsa yakan kai milimita 2.5 a kan tudun turmi, sannan ya yi ta sirancewa har ya zama kamar bakin reza a wuyan haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Babu ƙwayar halitta mai rai a cikinsa, domin waɗanda suka gina shi sun gama aikinsu sun ɓace tun lokacin da haƙorin ya huda dasashi. Ma'anar wannan ita ce ƙashin hannu idan ya karye yakan haɗe, amma tsagar ɓawon haƙori ba ta warkewa har abada.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan magina suna zuba dakin zai gane halin wannan ɓawo. Kankare yana ɗaukar dannawa komai nauyinta, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi sai ya tsage, shi ya sa ake saka masa rodi. Haka ɓawon haƙori yake. Juriyarsa ga dannawa ta ninka juriyarsa ga ja kusan sau goma ko fiye. Rodinsa yana ƙarƙashinsa, a hawa na biyu da ake kira dantin. Shi dantin kashi 70 ne kawai ma'adini, sauran zaruruwan furotin ne da ruwa. Bai kai ɓawo tauri ba, ya fi shi saurin lanƙwasa kusan sau huɗu, amma ya fi shi wuyar tsagewa nesa ba kusa ba. A tsakiyarsa ne ɓargon haƙori yake, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke zaune.

Iyakar da ke tsakanin ɓawo da dantin ta daɗe tana jan hankalin masu binciken kayan gini. Ba miƙaƙƙen layi ba ne, tana da lauje-lauje kamar bakin zarto, kuma a can ne mafi yawan tsagogin da suka taso daga sama suke ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a 2005 daga Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa tsagar takan ɗan ƙetare iyakar, ta shiga dantin kaɗan, sai zaruruwan da ba su tsinke ba su riƙe bakinta ta kasa ci gaba. A 2009 kuma, wata tawaga da ta haɗa da Brian Lawn na cibiyar ma'aunai da fasaha ta ƙasar Amurka ta nuna cewa ɓawon haƙori cike yake da ƙananan tsagogi tun daga halittarsa, kuma su ne ke rarraba matsin a tsakaninsu maimakon ya taru a wuri ɗaya. Don haka siraran layukan da mai shekaru 40 ke gani a haƙoransa na gaba idan ya haska su a madubi ba abin tashin hankali ba ne. Kusan kowane baligi yana da su.

Hawa na uku yana ɓoye a ƙarƙashin dasashi. Saiwar haƙori ba a kafe take a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tana rataye ne a cikin raminta da wani siririn tantani mai zaruruwa, wanda kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Idan aka ciji abu, haƙori yakan ɗan nutse a raminsa, tantanin ya shanye girgizar kamar yadda shokozoba ke yi a mota. A cikinsa akwai jijiyoyin da ke iya gane silin gashi ɗaya tsakanin haƙora. Su ne ke ba tsokokin muƙamuƙi umarnin su saki da zarar an taɓa tsakuwa, kafin ma mutum ya san abin da ya faru. Wannan birki yana ceton haƙora da yawa. Sai dai idan muƙamuƙi ya taho da gudu, kamar na mai ci yana duba agogo, birkin yakan makara. Haƙorin dashe, wanda ake ɗaurawa a kan ƙarfen da aka kafa a ƙashi, ba shi da wannan tantani sam.

Inda tsaga ke samun ƙofa

Turmi ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari. Idan baki ya rufe, tudun haƙorin sama yakan faɗa cikin kwarin na ƙasa. Matuƙar nauyin ya sauka a miƙe, ya bi tsawon saiwa, ba matsala. Amma idan wani abu mai tauri ya shiga kwarin, ko tudun sama ya cika tsini, sai ya zama kamar ƙarfen da mai faskare ke kafawa a tsagar itace. Yana tura tuddan biyu su buɗe, ɗaya ya nufi harshe, ɗaya ya nufi kunci, kuma ƙasan kwarin ya shiga ja, wato ainihin abin da ɓawo ba ya iya jurewa.

A lafiyayyen turmi, akwai ganuwa biyu a gaba da baya da ke ɗaure tuddan wuri ɗaya. Kogo yakan cinye su, likita kuma dole ya ƙara yanke wani sashe kafin ya yi ciko. Wani gwaji da Reeh da Messer da Douglas suka wallafa a 1989 ya auna abin da ake rasawa a haƙoran da ke gaban turame. Ramin ciko a sama kawai ya rage ƙarfin tsayuwar haƙori da kashi 20 cikin 100. Ramin da ya ratsa daga gaba zuwa baya, ya cinye ganuwar biyu, ya rage shi da kashi 63. Ayyukan cire jijiya kuwa, waɗanda mutane suka fi ɗora wa laifin raunana haƙori, kashi 5 kawai suka rage. Abin da ke kashe haƙori shi ne yawan ginin da ya rasa. Ƙaramin kogon da aka bari sai bayan an biya albashi, sannan sai bayan an biya kuɗin makaranta, yana cin waɗannan ganuwa ne a duk tsawon jiran.

Sai kuma maimaici. Masu gwada kayan ciko a ɗakin bincike sukan ƙiyasta cewa mutum yana tauna kusan sau 250,000 a shekara. Ko waya ce, idan aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa, takan karye ba tare da an sa mata wani babban ƙarfi ba. Injiniyoyin jiragen sama sun koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jirage biyu ƙirar Comet na Birtaniya suka tarwatse a sararin samaniyar Italiya cikin wata uku. Da aka sa gangar jikin wani irinsu a tankin ruwa aka yi ta matsa shi ana saki, sai aka gano cewa tsaga tana farawa ne daga kusurwar tagogi da sauran ramukan da aka yanka a jikin jirgin, tana ƙaruwa kaɗan a kowane tashi da sauka. Kusurwar tsohon ciko a cikin turmi irin wannan wuri ne. Yau da gobe ba ta bar komai ba, kuma dantin kansa yana ƙara gautsi idan shekaru suka ja, domin ma'adini yakan toshe ƙananan hanyoyin ruwan da ke cikinsa.

A kan wannan ne ake ɗora sauran ɗabi'u da kowa ya sani: buɗe kwalbar lemo da haƙori, tauna ƙanƙara a lokacin zafi, fasa ƙashin kaza don a kai ga ɓargo, ɓare rake, gurgurar busasshiyar aya da ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu, da cizon murfin biro a wurin taro. Lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu tsami suna nasu aikin ta wata fuska, suna narkar da ɓawon a hankali har ya sirance. Giɓi ma yana da nasa kaso, domin duk turmin da aka cire ba a maye gurbinsa ba, maƙwabtansa ne ke gadon nauyinsa.

Aikin dare

Akwai wani lissafi na 1969 da likitocin haƙori suka daɗe suna kafa hujja da shi, wanda ya nuna cewa idan aka tara duk lokacin da haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa a yini, wajen tauna da haɗiya, bai kai minti 20 ba. Sauran lokacin ya kamata a ce leɓe a rufe yake, haƙora kuma a rabe. Mutane da yawa ba haka suke ba. Wanda ke maƙale a cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa, ko yake gyara jawabin da za a karanta gobe da safe, yakan datse haƙora na tsawon mintuna bai sani ba. Bitar binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ta nuna cewa wannan ɗabi'a ta rana tana samun kusan mutum ɗaya cikin huɗu, yayin da kusan ɗaya cikin goma ke tauna haƙora a cikin barci.

Na barcin ya fi ɓarna. Babu abinci a tsakani da zai raba nauyin, ɓawo ne ke gugar ɓawo. Ƙarfin kuma ba a miƙe yake sauka ba, a kaikaice yake tafiya, yana tura tuddai gefe. An auna wasu masu barci aka tarar cizonsu ya zarce iyakar abin da suke iya yi da gangan idan suna farke. Damuwa tana cikin abubuwan da ake dangantawa da wannan, haka ma taba da barasa da yawan shan kofi, kuma sinadarin hana barci da ke cikin kofi shi ne ke cikin goro da lemukan ƙara kuzari. A farkon 2021, ana tsakiyar annobar korona, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tambayi mambobinta, fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun ga ƙaruwar masu datse haƙora da tauna su, fiye da kashi 60 kuma suka ce tsagaggun haƙora sun ƙaru. Mai wannan larura yakan tashi da gajiyar muƙamuƙi ko ciwon kai a gefen goshi, turamensa su shafe, gefen harshensa ya ɗauki shatin haƙora. Sau da yawa matarsa ko mijinta ne ke fara jin ƙarar. Robar da likita ke aunawa a sa a baki da dare ba ta hana ɗabi'ar, amma tana baje nauyin a kan haƙora duka, ita ce kuma ke goguwa a madadinsu.

Wasu masana suna ganin wannan turi na kaikaice ne ke haddasa ramin nan mai kama da saran gatari da ake gani a wuyan haƙori. Lee da Eakle ne suka kawo ra'ayin a 1984, suna cewa haƙori yana ɗan lanƙwasawa a wuya, inda ɓawo ya fi siranta, har ya riƙa ɓarɓashewa. Lissafin kwamfuta ya tabbatar da cewa matsi yana taruwa a wurin. Amma har yau ana jayayya a kan ko shi kaɗai ya isa ya haƙa ramin, domin tsami da dirzar buroshi ko asuwaki da ƙarfi suna nan su ma a wuri ɗaya.

Zafin da ke zuwa idan an saki

A 1964 ne wani likitan haƙori a Amurka, Caryl Cameron, ya bayyana tsagaggen haƙori a matsayin larura mai zaman kanta. Alamarta ta bambanta da ciwon haƙorin da aka saba da shi. Ba kumburi, ba zugi mai hana barci. Sai dai wani zafi mai kaifi kamar tartsatsin lantarki, wanda ke zuwa idan an ciji wani abu ta wata kusurwa, musamman a daidai lokacin da aka saki cizon, sannan ya ɓace. Ruwan sanyi ma yakan tayar da shi. Dalilin shi ne cizo yana buɗe tsagar, sakin kuma yana rufe ta farat ɗaya, sai ruwan da ke cikin ƙananan hanyoyin dantin ya motsa da sauri ya taɓa jijiya. Mai ciwon sau da yawa ba ya iya nuna haƙorin da ke yi masa, wani lokaci ma bai san ko na sama ne ko na ƙasa ba. Abin da yakan yi shi ne ya koma tauna da ɗaya gefen ya manta.

Hoton haƙori na yau da kullum ba kasafai yake nuna tsagar ba, saboda takan bi ta gaba zuwa baya, ta ɓuya a cikin hoton. Don haka jin cewa hoto bai nuna komai ba bai isa ya kwantar da hankali ba. Likita yakan sa mara lafiya ya ciji wani ɗan abu a kan tuddai ɗaya bayan ɗaya har a dace da mai zafin, ko ya haska haƙorin da fitila mai ƙarfi ya ga inda hasken ya yanke, ko ya shafa masa rini. Bayanin da mara lafiya zai kawo, na irin abin da ya ciza da lokacin da zafin ke zuwa, shi ne rabin binciken.

Makomar haƙorin ta dogara ne ga inda tsagar ta kai a ranar da aka gano ta. Idan tudu ɗaya ne ya ɓalle, ana iya gyara shi cikin sauƙi. Idan tsagar tana cikin dantin ba ta kai ɓargo ba, akan rufe haƙorin da hula wadda za ta ɗaure tuddan kamar ƙarfen da ake ɗaure bakin ganga da shi, ta hana su buɗewa. Idan ta kai ɓargo, ƙwayoyin cuta sun samu hanya, sai an cire jijiya kafin a sa hular. Idan kuwa ta gangara cikin saiwa ta raba haƙorin biyu, mafi yawan lokaci ba abin da ya rage sai cirewa. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada.

Nan ne batun ya shafi aljihun ma'aikacin tarayya kai tsaye. Ƙa'idojin aiki na tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta NHIS, na 2012, sun amince da ciko da wankin haƙori da cirewa, amma sun sanya hular haƙori da gada da dashe cikin jerin abubuwan da inshorar ba ta biya. Wato tsarin na wancan lokaci ya ɗauki nauyin ƙaramin gyaran farko da kuma cirewar ƙarshe, ya bar maganin da ke tsakiya, wanda shi ne ke ceton tsagaggen haƙori. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin ta da, kuma ya kamata duk mai rajista ya tambayi kamfanin da ke kula da inshorarsa abin da tsarinsa na yanzu ya ƙunsa kafin ya hau kujerar likita. Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada duk suna da sashen haƙori, inda za a iya yin gwajin cizon nan a cikin 'yan mintuna.